Yadda Jami'in Ɗaukar Ɗalibai a Kwalejin Koyon Sana'a a Amurka Zai Kiyaye Doka Ya Kuma Tanadi Takardun Aikinsa

Duk wanda ya karɓi aikin ɗaukar ɗalibai a ɗaya daga cikin kwalejojin koyon sana'a masu zaman kansu a Amurka, irin waɗanda ke koyar da aikin jinya, gyaran mota, walda, gyaran gashi ko tuƙin manyan motoci, ya kamata ya san tun ranar farko cewa bakinsa ya daina zama nasa shi kaɗai. A idon dokar ƙasar, abin da ya faɗa wa mai neman gurbi, ko a waya ne, ko a ofis, ko ta saƙon tes, makarantar ce ta faɗa, kuma ita za a kama idan maganar ta kasance ba haka take ba. Dalilin wannan tsanani kuɗi ne. Da yawa daga cikin waɗannan makarantu suna rayuwa ne da tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya, waɗanda babi na huɗu na Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965 ya tanada, kuma gwamnatin ta sha ganin inda aka yaudari talakawa suka ci bashin da ba za su iya biya ba. A 2010 ofishin bincike na majalisar dokoki, GAO, ya tura jami'ansa cikin ɓad-da-kama zuwa makarantu 15, kuma rahotonsa ya ce a dukkansu an yi wa masu neman gurbin maganganu na yaudara ko masu alamar tambaya, a huɗu daga ciki ma har an zuga su su yi ƙarya a takardar neman tallafi. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda aikin yake tafiya, daga kafin ka ɗaga waya har zuwa bayan an sa hannu.

Mataki na farko: ka san su wane ne ke sa ido a kanka

Hukumomi uku ne ke riƙe da igiyar makarantarka, kuma kowace da nata littafin. Ta farko ita ce Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, wadda ƙa'idojinta kan wannan batu ke cikin kundin dokokin tarayya, juzu'i na 34, sashe na 668. Ta biyu ita ce hukumar jihar da makarantar take, kamar BPPE a Kalifoniya, Hukumar Ƙwadago ta TWC a Texas, BPSS a New York, da CIE a Florida. Ta uku ita ce hukumar tantancewa da ta amince da ingancin makarantar, kamar ACCSC, ABHES, COE, ACCET ko NACCAS mai kula da makarantun gyaran gashi da kwalliya. A gefe kuma akwai Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, FTC, wadda ba ta bayar da lasisi amma tana hukunta talla na yaudara, kuma tana da jagora na musamman ga makarantun sana'a a juzu'i na 16, sashe na 254.

Ka tambayi jami'in bin ƙa'ida na makarantarku, a rubuce, ko jiharku tana buƙatar kai kanka ka yi rajista kafin ka fara magana da masu neman gurbi. A Texas dole a yi wa wakilin makaranta rajista da hukuma, a New York akwai takardar shaidar wakilci, Florida kuma ta wajabta horo na musamman ga ma'aikatan ɗaukar ɗalibai. Idan ƙa'idojin hukumomin nan suka bambanta a kan abu guda, wadda ta fi tsanani ita za ka bi.

Mataki na biyu: ka haɗa fayil ɗinka na dogaro

Wannan matakin shi ne ginshiƙin sauran, domin ƙa'idar aikin gaba ɗaya ita ce kada ka faɗi abin da ba za ka iya ɗora yatsa a kansa a takarda mai kwanan wata ba. Ka buɗe fayil guda, na takarda ko na kwamfuta, ka fara da katalog ɗin makaranta na shekarar da ake ciki tare da duk wani ƙarin gyara da aka liƙa masa, sai kwafin yarjejeniyar shiga makaranta da ba a cike ba, sai jadawalin kuɗi cikakke wanda ya haɗa da littattafai, kayan aiki, rigar aiki da kuɗin jarrabawar lasisi, sai ƙa'idar soke rajista da mayar da kuɗi. Bayan waɗannan ka saka alƙaluman da makarantar ta miƙa wa hukumar tantancewa game da yawan masu kammalawa, masu samun aiki da masu cin jarrabawar lasisi, na kowane kwas daban, domin alƙaluman kwas ɗin walda ba su da wata alaƙa da na kwas ɗin aikin asibiti. Ka ƙara da jerin jihohin da kowane kwas ya cika sharuɗɗan lasisinsu da waɗanda bai cika ba, da rahoton tsaro na shekara wanda Dokar Clery ta 1990 ta wajabta a fitar zuwa ranar 1 ga Oktoba, da takardar ɗa'ar aiki da ka sa wa hannu.

Daga wajen makaranta kuwa, abubuwa kaɗan sun wadatar, muddin na asali ne. Littafin jagoran tallafin ɗalibai da Ma'aikatar Ilimi ke sabuntawa kowace shekara yana da juzu'i na farko kan cancantar ɗalibi da na biyu kan cancantar makaranta, kuma su biyun ne suka fi shafar aikinka. Shafin eCFR yana ɗauke da matanin ƙa'idoji kamar yadda suke a yau. College Scorecard da College Navigator suna nuna alƙaluman makarantarku kamar yadda gwamnati ta san su, kuma mai neman gurbi mai wayo ya riga ya duba su kafin ya zo wurinka. Rumbun bayanai na DAPIP yana tabbatar da matsayin tantancewa, littafin hasashen sana'o'i na Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago, BLS, kuma yana bayanin aiki da albashi a faɗin ƙasa. A goshin kowace takarda ka rubuta ranar da ka karɓe ta da wanda ya ba ka. Tsohon katalog da aka manta a aljihun tebur ya fi rashin katalog haɗari, domin mutum zai karanto tsohon farashi da zuciya ɗaya, alhali doka ba ta tambayar niyyarsa.

Mataki na uku: ka duba yadda ake biyan ka

Tun 1992 doka ta haramta wa makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya ta biya kamasho, garaɓasa ko wani tukuici da ya dogara, kai tsaye ko a fakaice, da yawan ɗaliban da ma'aikaci ya shigar ko yawan tallafin da ya samo musu. A 2002 an buɗe wasu ƙofofi goma sha biyu da suka sassauta haramcin, amma an rufe su daga ranar 1 ga Yuli, 2011. Saboda haka idan aka ce za a ƙara maka albashi, ko a kai ka yawon shaƙatawa, ko a ba ka katin sayayya don ka cika adadin wata, ka sani an taka doka. Ƙarin albashi bisa daɗewa a aiki ko kyawun aikin da ba a auna shi da yawan rajista ba halal ne. Kamfanin EDMC, mai mallakar makarantu masu neman riba, ya amince ya biya dala miliyan 95.5 a 2015 a kan zargin karya wannan ƙa'ida. Togaciya guda da ke cikin dokar ita ce nemo ɗaliban ƙasashen waje da ke zaune a ƙasashensu waɗanda ba su cancanci tallafin tarayya ba, kuma wannan ne ya sa ejan-ejan da ke nemo ɗalibai daga Afirka ta Yamma suke iya karɓar kamasho, kai kuwa da ke ofis kana magana da mazauna Amurka ba za ka iya ba.

Mataki na huɗu: kafin ka ɗaga waya

Kowace lamba da ta zo tebur ɗinka tana da tarihi, kuma wajibi ne ka san shi. Dokar TCPA ta 1991 ta buƙaci izini a rubuce kafin a yi wa mutum kiran talla ko a tura masa saƙo ta na'urar da ke buga lamba da kanta ko da muryar da aka naɗa, kuma diyyar kowane kira guda da ya saɓa tana kamawa daga dala 500 zuwa 1,500. Ba a kiran talla kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan tara na dare, da agogon wanda ake kira. Lambar da ke cikin rajistar ƙasa ta masu ƙin kiran talla ba a taɓa ta sai da izini ko wata alaƙa, kuma alaƙar da ta samo asali daga tambayar da mutum ya yi tana ƙarewa bayan wata uku. Duk wanda ya ce a daina kiransa, ka shigar da hakan a na'ura nan take, kada ka bari sai gobe. Ga imel, Dokar CAN-SPAM ta 2003 ta ba da kwanakin aiki goma a cire wanda ya nemi a cire shi. Idan ana naɗar kiran, ka sanar tun a farkon magana, domin jihohi irin su Kalifoniya suna buƙatar yardar kowane ɓangare.

Lambobin da aka sayo daga kamfanonin tara sunaye su suka fi jawo rigima. A 2019 kamfanin Career Education Corporation ya biya dala miliyan 30 bayan FTC ta zarge shi da amfani da sunayen da wasu suka tara ta hanyar nuna kamar suna da alaƙa da rundunar soja ko suna bayar da aikin yi. Idan wanda ka kira ya ce shi aiki ya nema ba makaranta ba, ka ba shi haƙuri, ka ajiye waya, ka kai rahoto. Haka nan ƙa'idojin ACCSC sun hana neman ɗalibai a ciki ko kusa da ofisoshin tallafin marasa ƙarfi, layin marasa aikin yi ko gidajen kwanan marasa matsuguni, wato wuraren da mutum ke cikin matsin da ba zai bar shi ya yi shawara a natse ba.

Mataki na biyar: zaman tattaunawa

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma ake faɗawa rami. Ƙa'idar tarayya ta kira kowace magana ta ƙarya, ta kuskure, ko mai yiwuwar ɓatar da mai sauraro da sunan bayanin yaudara, kuma ta haɗa da yin shiru a kan abin da rashin faɗarsa zai sa maganar ta karkace. Ta raba batun gida uku: yanayin karatun, yanayin kuɗin, da damar samun aiki bayan kammalawa.

A ce wata mata ce zaune a gabanka, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ta zo da yaronta a keken jarirai, tana son kwas ɗin mataimakiyar likita. Ta dube ka ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, idan na gama nawa zan riƙa samu, kuma aikin tabbas ne?” Amsar da zuciya ke so ita ce ka kwantar mata da hankali, ka ce ai asibitoci rububin ɗalibanku suke yi. Amsar da ta dace ita ce ka jawo takardar alƙaluman kwas ɗin, ka juya ta ta fuskance ta, ka nuna mata yawan waɗanda suka fara, yawan waɗanda suka gama, da yawan waɗanda suka sami aiki a fannin a shekarar da aka rubuta, sannan ka ce, “Hajiya, makaranta tana taimakawa wajen neman aiki, amma ba ta lamunce wa kowa aiki ko albashi. Ga abin da ya faru da waɗanda suka gabace ki, ki tafi da takardar ki duba a gida.” Idan makarantar ta yarda a nuna alƙaluman BLS, ka bayyana mata cewa na ƙasa baki ɗaya ne, sun haɗa da waɗanda suka shekara ashirin a aikin, don haka ba albashin sabon shiga ba ne. Wataƙila ta tafi ba ta dawo ba, kuma na san wannan yana da ciwo ga ma'aikacin da ake lissafa masa alƙaluma kowane mako, amma magana zarar bunu ce, kuma a wannan aikin galibi akwai na'urar da ta naɗe ta.

Manyan hukunce-hukuncen da aka yi duk a kan wannan tambayar suka tsaya. A 2016 Jami'ar DeVry ta amince da biyan dala miliyan 100 a kan tallan da ke cewa kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta masu neman aiki suna samun aiki a fanninsu cikin wata shida. A 2019 Jami'ar Phoenix ta sasanta da FTC a kan dala miliyan 191 saboda tallan da ya nuna kamar tana da haɗin gwiwar samar da aiki da kamfanoni irin su AT&T da Microsoft. A Afrilun 2015 Ma'aikatar Ilimi ta ci tarar Kwalejin Heald, mallakar kamfanin makarantu na Corinthian, kusan dala miliyan 30 a kan alƙaluman samun aiki na bogi, har da inda aka lissafa aikin sayar da abinci a Taco Bell a matsayin aikin akanta. Cikin watan ne Corinthian ta rufe sauran makarantunta, kuma a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 na tsofaffin ɗalibanta 560,000.

Batun yanayin karatu yana da tarko uku. Na farko shi ne tantancewa: ka faɗi sunan hukumar daidai, ka kuma bambanta tantancewar makaranta gaba ɗaya da tantancewar kwas guda, domin a wasu sana'o'in asibiti ta biyun ce ke ba mutum damar zama jarrabawar ƙwarewa. Kada ka ce gwamnati ta amince da ingancin karatun don kawai makarantar tana karɓar tallafin tarayya. Na biyu shi ne ɗaukar kiredit, wato darussan da ɗalibi ya riga ya ci, zuwa wata makaranta: makarantar da za a koma ita kaɗai ke da ikon karɓa ko ƙi, don haka ba ka da hurumin yin alkawari sai idan akwai rubutacciyar yarjejeniya a fayil ɗinka, kuma ko da akwai, iyakar abin da ta ƙunsa za ka faɗa. Na uku shi ne lasisi: ka tambayi mai neman gurbin jihar da yake zaune da wadda yake niyyar yin aiki, ka duba jerin da ke hannunka, ka kuma gaya masa cewa hukumomin lasisi da wuraren koyon aiki sukan binciki tarihin laifi, wani laifin yana iya hana lasisi ko da an gama karatu da sakamako mai kyau.

Akwai kuma abin da ba a tambaya. Sashe na 504 na dokar tarayya ta 1973 mai kare masu naƙasa ya hana a tambayi mai neman gurbi ko yana da naƙasa kafin a ɗauke shi, idan kuwa shi ya kawo maganar, sai ka haɗa shi da jami'in da ke kula da wannan. Launin fata, asalin ƙasa, jinsi da shekaru ba su shiga cikin shawararka ba. Kada ka ce kujera ɗaya ta rage idan ba haka ba ne, kada ka ce farashi zai tashi gobe, kada ka yi amfani da talaucin mutum ko kunyarsa a gaban 'ya'yansa don ka tura shi ga sa hannu, kada kuma ka aibata wata makaranta.

Mataki na shida: ka tsaya a bakin ƙofar ofishin tallafi

Kana iya cewa akwai tallafi ga wanda ya cancanta, ka faɗi jimillar kuɗin kwas, ka nuna masa na'urar lissafin ainihin farashi da doka ta wajabta a sa a shafin makaranta tun 2011. Daga nan sai ka raka shi ofishin tallafi. Ba kai ne za ka ƙiyasta masa abin da zai samu ba, ba za ka cike masa fom ɗin neman tallafin tarayya na FAFSA ba, ba za ka buɗe masa asusun shiga ko ka riƙe kalmar sirrinsa ba, kuma ƙa'idojin ACCSC sun fito fili sun raba mai neman ɗalibai da cike takardun tallafi da kuma yanke hukuncin ɗauka. A binciken GAO na 2010, wasu ma'aikata sun shawarci jami'an ɓad-da-kama su ɓoye ajiyar dala 250,000 ko su ƙara yawan waɗanda suke ciyarwa. Yin ƙarya don samun wannan kuɗi laifi ne da hukuncinsa ke kai wa tarar dala 20,000 ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun.

Kalma biyu ka kiyaye kada su cakuɗe a bakinka, wato tallafi da bashi. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ba a biyan sa a al'ada, sai dai wanda ya bar karatu kafin ya wuce kashi 60 cikin ɗari na zangon yana iya tarar da an mayar da wani kaso ga gwamnati, makaranta kuma ta biyo shi bashin ragowar. Bashin tarayya kuwa ana biyan sa ko an gama ko ba a gama ba, ko an sami aiki ko ba a samu ba, kuma yana da ruwa. Idan Musulmi ya tambaye ka wannan don yana gudun riba, ka ba shi amsa a miƙe, kada ka lulluɓe ta da cewa ai taimakon gwamnati ne.

Mataki na bakwai: takardun cancanta

Don samun kuɗin tarayya ana buƙatar shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta, irin GED. Hanyar da a da ake bi a ɗauki wanda ba shi da ita ta hanyar jarrabawar gwaji an toshe ta a Yulin 2012, sannan aka sake buɗe ta a ƙarshen 2014 ga wasu tsare-tsaren koyon sana'a na musamman kawai. Idan takarda ta zo daga wata makarantar intanet da ke bayar da shaida cikin kwana biyu bayan an biya kuɗi, ka miƙa ta ga magatakarda ya bincika, kuma kada ka taɓa nuna wa mutum inda zai sayo irinta. Wanda ya zo da sakamakon WAEC ko NECO, ko bakaloriya daga Nijar, makaranta ce za ta auna daidaiton takardar ko ta tura ta ga kamfanin auna takardu irin WES, ba kai za ka ce ta isa ba. Mai katin zama na dindindin da ɗan gudun hijira suna iya cancantar tallafi, mai bizar karatu kuwa ba ya cancanta. Bizar karatun sana'a ita ce M-1, kuma jami'in da aka naɗa musamman shi kaɗai ke fitar da takardar I-20 da ake neman bizar da ita. Shawara kan shige da fice ba aikinka ba ce ko da ɗan garinku ne ya roƙe ka.

Tsofaffin sojoji da iyalansu suna da ƙarin kariya. Dokar Isakson da Roe, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2021, ta hana tuntuɓarsu sau uku ko fiye a wata guda ba tare da sun nema ba, ta kuma hana a nemo mutum a yi masa rajista a rana ɗaya. Asalin wannan kulawa shi ne ƙa'idar da ta hana makaranta mai neman riba samun fiye da kashi 90 na kuɗin shigarta daga gwamnatin tarayya, wadda a da ba ta lissafa kuɗin tallafin karatun sojoji a ciki, abin da ya mayar da su abin farauta har aka toshe wannan ƙofa daga 2023.

Mataki na takwas: ranar sa hannu

Ka tabbata ya karɓi katalog kuma ya zagaya makarantar kafin yau. Ka buɗe yarjejeniyar shafi bayan shafi, ka karanta jimillar kuɗi, tsawon kwas, ranar farawa da ƙa'idar mayar da kuɗi da babbar murya, ka bar shi ya karanta sauran da kansa ba tare da ka tsaya masa a ka ba. Kada a bar gurbi ko ɗaya babu rubutu, kada a sauya kwanan wata, kada ka sa wa kowa hannu ko da baƙaƙen farkon sunansa ne, kuma ya tafi da kwafinsa a ranar. Haƙƙin sokewa ka faɗe shi a sarari. A ƙarƙashin ACCSC, wanda ya soke cikin kwana uku bayan sa hannu da biyan farko ana mayar masa da kuɗinsa duka, wanda ya soke bayan haka amma kafin ya fara karatu kuma abin da za a riƙe ba zai wuce dala 150 ba. A Texas wa'adin awa 72 ne, ban da Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A Kalifoniya ɗalibi yana da dama har zuwa ajin farko ko kwana na bakwai bayan rajista, duk wanda ya zo daga baya, kuma dole ya sa hannu a takardar alƙaluman makaranta kafin yarjejeniyar.

Dokar Kalifoniya tana da wani sharaɗi da ya shafi mai jin harshe biyu kai tsaye: idan da wani harshe aka jawo mutum ba Turanci ba, yarjejeniyar da bayanan da ke tare da ita dole su kasance cikin wannan harshen. Saboda haka kafin ka gudanar da tattaunawar ɗauka da Hausa ko Faransanci don ka sauƙaƙa wa ɗan'uwa, ka tambayi jami'in bin ƙa'ida abin da jiharku ta tanada. Gaisuwa da Hausa ba ta da laifi, amma bayanin kuɗi da baki cikin harshe ɗaya, sa hannu kuma a takardar wani harshen da mutum bai gane ba, shi ne ainihin abin da dokar ke gudu.

Da zarar ya fara halartar aji, Dokar FERPA ta 1974 ta rufe bayanansa, kuma haƙƙin nasa ne ko shekarunsa nawa. Idan mahaifinsa ya kira ya ce shi ke biyan kuɗin, yana son ya ji ko yaron yana zuwa aji, ka girmama shi, ka ce, “Alhaji, a yi haƙuri, sai ya ba da izini a rubuce,” sannan ka nuna masa ofishin da ke bayar da fom ɗin.

Mataki na tara: rubuta komai, ka kuma san inda za ka kai ƙara

Bayan kowace ganawa ka shigar da rana, lokaci, takardun da ka bayar da tambayoyin da ka tura wani ofishi, cikin kalmomin da ba za ka ji kunya ba idan an karanta su a kotu. Kada ka yi hulɗa da masu neman gurbi ta wayarka ta kanka ko shafinka na Facebook, kada kuma ka ƙirƙiri takardar talla da kanka, ko da ƙaramar sanarwa ce da za a liƙa a masallaci ko shagon aski, sai wadda makaranta ta amince da ita. Mafi yawan takardun da suka shafi tallafin tarayya ana ajiye su aƙalla shekara uku, jihohi da hukumomin tantancewa kuma sukan buƙaci fiye da haka.

Idan shugabanka ya matsa maka ka faɗi abin da ba ya cikin takarda, ka roƙe shi da ladabi ya aiko maka da umarnin ta imel, kuma sau da yawa a nan maganar take mutuwa. Idan ba ta mutu ba, ka je wurin jami'in bin ƙa'ida, bayan shi akwai hukumar jiha, hukumar tantancewa, da layin ƙorafi na Babban Sufeton Ma'aikatar Ilimi. Dokar tarayya kan damfarar gwamnati tana kare mai fallasa daga ramuwar gayya, kuma da yawa daga cikin manyan shari'o'in kamasho, har da ta EDMC, tsofaffin ma'aikatan makarantun ne suka fara shigar da su.

Saura sabunta fayil. Ƙa'idojin nan suna sauyawa da sauyin gwamnati da hukuncin kotu, kamar yadda wata kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wasu sassan ƙa'idojin 2022 kan yafe bashin ɗaliban da aka yaudara bayan ƙungiyar makarantun sana'a ta Texas ta kai ƙara. Tsarin Ma'aikatar Ilimi shi ne ƙa'idar da aka wallafa zuwa ranar 1 ga Nuwamba takan fara aiki ranar 1 ga Yulin shekara mai zuwa. Ka sa waɗannan ranaku biyu a kalandarka tare da 1 ga Oktoba da ranar fitowar sabon katalog, kuma a kowacensu ka zauna da jami'in bin ƙa'ida na rabin awa, ku bi fayil ɗin takarda bayan takarda, ka cire wadda ta tsufa ka miƙa masa ita a hannu, ka rubuta sabon kwanan wata a goshin wadda ta maye gurbinta.